Allon Majigin da Malam Gide Ya Ɗinka

A duk Faskari babu wanda bai san Khairiyya 'yar Malam Gide tela tana cikin masu harhaɗa tauraron ɗan'adam a ƙasar waje ba, domin Malam Gide bai bar kowa ya zauna cikin duhun wannan labari ba. In ka kawo masa wando ya rage ƙafa, kafin ya ɗauki almakashi ka ji shi. In ka zo karɓar ɗinkinka ka tarar ko yadin bai yanka ba, da zancen tauraro zai sallame ka, ka tafi kana jin kai ne mai laifi da ka dami uban injiniya da maganar aljihu.

Shekara arba'in da ɗaya yana taka keken ɗinki a zauren gidansa. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya fara gardama da allura. Amma abin da ya fi ci masa rai ba ciwon baya ba ne, bakin taubashinsa ne, Alhaji Maharazu, wani dillalin hatsi ɗan asalin Damari, wanda kullum in ya biyo ta ƙofar zauren sai ya tsaya ya ce, “Sarkin gobe-ka-dawo, an tashi lahiya?” Mutane su yi dariya, Malam Gide ma ya yi, don wasan taubashi ba a fushi da shi. Sai dai maganar tana shiga, kuma ta daɗe tana taruwa. Shi ya sa tun da wuri ya yi rantsuwa cewa babu ɗansa ko ɗaya da zai taka keke. Mazan ya tura su boko, suka tafi ba musu. Autar ce matsala, don tun tana rarrafe take lallaɓowa gindin keken. Ya sa wani kafinta ya yi wa keken akwati da kwaɗo, makullin kuma ya riƙa ɓoye shi cikin wani tsohon gwangwanin madara a saman katanga, inda yake da tabbacin daga shi sai Allah.

Abu ɗaya ne kaɗai Alhaji Maharazu yake sara masa a kai: wata babbar riga ta shadda ruwan ƙasa da aka ɗinka shekara goma sha shida da suka wuce. An wanke ta, an buga ta, an je Makka da ita an dawo, amma kalmasarta ko zare ɗaya bai tashi ba. Alhaji Maharazu yakan ɗaga gefenta a majalisa ya ce, “Sau guda dai a rayuwarka ka taɓa yin ɗinki.” Malam Gide kuwa sai ya gyara hula, don a wurinsa wannan riga ita ce shaidarsa a duniya.

To, sai ga Khairiyya ta zo hutu. Kwana biyu da saukarta Malama Barakatu, shugabar makarantar 'yan mata, ta aiko cewa lallai sai ta zo ta yi wa ɗalibai bayani. Har daga Kankara da Sabuwa za a kawo yara da safe, a sallame su kafin la'asar saboda hanya. Iyaye ma an gayyace su. Khairiyya ta ce akwai bidiyon da wurin aikinsu ya shirya don 'yan makaranta, za ta nuna shi da majigi. Da yake bangon ajin duk zane-zanen darasi ne, Malama Barakatu ta aiko wa Malam Gide da farin yadi ya ɗinka musu allon da hoton zai sauka a kai. Ranar ya zaga gari da ƙafarsa yana gayyata, gidan Alhaji Maharazu kuwa sau biyu ya je.

Ana jibi taro, bayan an ci abincin rana a gindin darbejiya, Khairiyya ta miƙa wa iyayenta waya ta ce su fara gani. Malam Gide ya sa tabarau, matarsa Hajaratu ta matso da kujerarta.

Da farko abin sai hamdala. Ga wani ɗaki fari fat, babu taga. Ga mutane suna taka wata tabarma mai danƙo a bakin ƙofa don ta kwashe datti daga takalmansu, sun rufe kai da baki da hannu, ido kawai ake gani. Khairiyya ta ce turare ba ya shiga, kwalli ba ya shiga, ko fensir ba a yarda da shi ba saboda garinsa. Ga ƙashin tauraron a tsakiyar ɗaki, kamar akwati babba, ana jera masa batir da wayoyi. Noti ɗaya in za a ɗaure, mutum biyu ne a kai, ɗaya na ɗaurewa ɗaya na shaida. Aka naɗe masa farantan sola a gefe da gefe. Aka ɗora shi kan wani tebur da ya riƙa jijjiga shi ba tausayi, wai don a ga ko wani abu zai kwance kafin rokar da za ta kai shi sama ta yi masa wanda ya fi haka.

“Ka ji aiki,” in ji Malam Gide. “Ina Maharazu ya zo ya gani.”

Sai hoton ya canza. Ga wata mace a zaune cikin fararen kaya, ko da takunkumi ya gane girar 'yarsa ce. Daga ƙirji zuwa sama kamar babbar likita. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa, abin da ke gabanta ba ya bukatar tafinta. Keken ɗinki ne. Ga almakashi, ga tef ɗin awo a rataye a wuyanta, tana tura wani abu mai ƙyalli ruwan gwal a ƙarƙashin allura.

Malam Gide ya cire tabarau ya goge ya mayar, keken na nan.

“Wannan kuma mi ne ne?”

“Rigar tauraron ce, Baba. Can sama ɓangaren da ke kallon rana zafi ne da ya wuce na tafasasshen ruwa, ɓangaren inuwa kuma sanyi ne mai fasa ƙarfe. In ba a yi mashi riga ba, ba ya kai labari. Ni ke auna shi, in yanka, in ɗinka.”

Bai tsaya jin sauran ba. Ya miƙa mata wayar ya ce lokacin salla ya yi, alhali da sauran fiye da awa guda. A zaure ya zauna ya zuba wa kekensa ido. Wato duk wannan karatu, duk wannan jirgi da aka hau, yarinya ta zagaya duniya ta je ta zama tela. Kuma jibi, a gaban Faskari da Kankara da Sabuwa, a gaban mutumin da ya je gidansa sau biyu. Kunya ta riga ta fara cin sa tun kafin ranar ta zo.

Da yamma ya kira ta zaure ya yi ƙasa da murya.

“Khairiyya, wurin nan na keke, ba a iya datse shi?”

“Ba ni na haɗa bidiyon ba, Baba.”

“To in an zo wurin ki yi tari, ko ki tsaya gaban abin.”

“To, Baba,” in ji ta, da irin ladabin nan da ya san ba ya haifar da komai.

Ganin babu mafita ta nan, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya tuna yadda hoton yake a waya: fuska a sama, keke a ƙasa, kuma keken bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Shi kuwa duk rayuwarsa in yadi ya zo da tabo a gindi, gindin yake datsewa. Ya shimfiɗa farin yadin Malama Barakatu, ya auna da tef, ya yanke kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, ya ɗauko wani baƙin yadi mai kauri da ya rage daga wani ɗinki ya jona a wurin. A lissafinsa, abin da ya faɗa kan baƙi ya tafi ke nan. Mutane za su ga 'yarsa cikin fararen kaya tana wani aiki mai muhimmanci da hannuwanta, Allah kaɗai Ya san ko mene ne. Rabonsa da ya gama ɗinki kwana guda kafin alkawari har ya manta.

Hajaratu ta leƙo da kofin kunu ta tarar yana ninkewa.

“Malam, wannan baƙin fa?”

“Ado ne. Haka ake yi yanzu.”

Ta ajiye kunun ta juya. Daga bayanta ya ga kafaɗunta suna rawa, ya ɗauka tari ne.

Ranar taro aji ya cika har taga, sai da aka roƙi na tagar su matsa don a rufe ta da labule. 'Yan matan Sabuwa a dama, na Kankara a hagu, na gida a ƙasa kan tabarmi, iyaye a benci. Alhaji Maharazu ya iso cikin rigar nan ruwan ƙasa, ya zauna dab da Malam Gide, ya ce ya zo ganin yadda ɗiyar maƙaryaci ke ƙera gaskiya. Aka rataya allon, Malama Barakatu ta dubi baƙin gindin ta dubi telan. Janareta ya tashi.

Khairiyya ta kunna majigi. Hoton ya sauka daidai yadda Malam Gide ya auna, kashi biyu a fari, kashi ɗaya a baƙi. Ya saki ajiyar zuciya, har ya ɗan miƙe ƙafa. Ita kuwa ta tsaya ta kalli allon, ta waiwayo ta kalli ubanta. Ta ɗauki wani ƙamus a kan teburin malama ta tura ƙarƙashin majigin, ta murɗa wani abu a bakinsa. Hoton ya tsuke, ya hau sama, ya zauna cif a cikin farin, ko ɗan yatsa bai zubo ba.

“Baba, baƙin nan ya taimaka,” in ji ta. “Hoton ya fi fitowa.”

“Madalla,” in ji Malam Gide, da muryar da shi kansa bai gane ba.

Aka ga farin ɗaki, aka ga noti mai shaidu, aka ga teburin jijjiga, yara suna ta rubutu. Aka ga an tura tauraron cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe an zuƙe iskar ciki, ana gasa shi ana sanyaya shi kwana da kwanaki. Malam Gide bai ga ko ɗaya ba. Addu'a yake man janareta ya ƙare, amma Malama Barakatu mace ce mai shiri.

Sai ga keke.

Alhaji Maharazu ne ya fara. Dariyarsa daga ciki take tasowa, sai da ta girgiza bencin kafin ta fito.

“Gide, halan idona ne? Wancan ba abokin aikinka ba ne?” Ya share hawaye da hannun riga. “Ashe gado aka tahi yi. Su ma can tana ce masu gobe ku dawo?”

Benci ya ɗauka, har iyaye mata da ke baya. Malam Gide ya sunkuyar da kai. Abin da ya yi shekaru yana ginawa da baki, ga shi yana rushewa a kan yadin da ya ɗinka da hannunsa.

Khairiyya ta bari dariyar ta lafa, ta ci gaba da bayani kamar ba da ita ake ba. Ta ce rigar falle goma sha biyar ce, kowane falle bai kai ledar alawa kauri ba, kuma tsakanin falle da falle akwai raga irin ta gidan sauro don kada su taɓa juna. Ta ce ba a ɗame ɗinkin, domin duk inda allura ta matse, nan zafi ke samun ƙofa. Kuma ana barin 'yan huji ƙanana don iskar da ke ciki ta fice lokacin tashi, in ba haka ba rigar ta kumbura ta yage.

Kunnen tela ba ya jin zancen ɗinki ya ƙyale. Malam Gide ya ɗago kaɗan, don dai ya ga ko ta riƙe yadin daidai. A daidai lokacin hoton ya matso kusa, wurin da bai tsaya ya gani a waya ba. Allura da hannuwa biyu suka cika allon. Ɗinkin ya iso kusurwa. Hannun ya tsaya, ya bar allura a ciki, ya naɗe bakin yadin sau biyu da farcen babban yatsa, ya koma baya taku uku, ya juya, ya wuce, kullin ya ɓace a cikin ninkin.

Wannan juyi Malam Gide ya san shi kamar yadda ya san hanyar masallaci. Shi ya ƙirƙiro shi tun yana saurayi, kuma bai taɓa koya wa kowa ba. In zai yi shi a gaban wani tela, kafaɗa yake karewa da ita. Bai san ya miƙe tsaye ba.

“Ke, wa ya koya maki wannan kalmasa?”

Khairiyya ta tsayar da hoton. Ta dubi bencin mata, inda Hajaratu ta rufe baki da gefen mayafi.

“Baba, a gaban mutane?”

“A gaban mutane.”

“Gwangwanin madara, bisa katanga. In na hau turmi ina kaiwa. Duk ranar da kuka tahi Funtuwa sayen yadi, Inna na tsare mani ƙofa.”

Yaran suka fashe da dariya, Malama Barakatu ta daka tsawa tana dariyar ita ma. Khairiyya ta juya ga 'yan matan ta ce wurin aikinsu injiniyoyi sun kai ɗari huɗu, kowa da digirinsa, ita ma da nata. Amma da aka zo neman wanda ya san lissafin zafi kuma zai iya kallon akwati mai lungu-lungu ya yanka masa riga ba tare da ɓarnar yadi ba, mutum uku aka samu. Sauran biyun sun girmi Inna.

Alhaji Maharazu bai saba barin fili ba. Ya ɗaga gefen rigarsa ya ce, “To, ki ci gaba da koyo, ɗiyata. In kin kai ki yi irin wagga, ki dawo mu yi magana. Ita kaɗai ce ubanki ya yi da hankalinshi a jikinshi.”

Hajaratu ce ta amsa daga baya, ita da ba a taɓa jin muryarta a taro ba.

“Alhaji, shekarar nan mota ta lalace masu a hanyar Funtuwa, kwana biyu bai dawo ba, ga Salla ta matso, kai kuma kana ta aike. Yanka kawai ya yi ya tahi. Da ya dawo ya iske ta a ninke, na ce mashi ai ya gama kafin ya hita, mantawa ya yi.”

Malam Gide ya tuna ranar sarai. Ya tuna ya ɗaga rigar a hasken ƙofa, ya bi kalmasar da yatsa, ya ce a ransa lallai shi ne, don wa zai iya wannan in ba shi ba. Shekara goma sha shida yana karɓar yabo a kan ɗinkin yarinya 'yar shekara goma sha uku. Ya koma ya zauna a hankali. Ya ji zafin abin har cikin ƙirji, amma a ƙarƙashin zafin akwai wani daɗi da ya rasa inda zai ajiye shi. Alhaji Maharazu kuwa ya saki gefen rigar, ya sake ɗauka, ya ƙura wa ɗinkin ido, karo na farko a tarihin Faskari bakinsa ya mutu.

Washegari da hantsi Malam Gide ya buɗe zaure bai hau keke ba. Ya aika aka kira Khairiyya. Ya tashi daga kujerar da ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi, a iya saninsa, ya nuna mata.

“Zauna in gani da idona. Hoto na ƙarya.”

Bai ce mata ga makulli ba. Ta miƙa hannu saman katanga, yanzu ba sai da turmi ba, ta sauko da gwangwanin. Ta zura zare a allura karo ɗaya, abin da shi sai ya kira Hajaratu a asirce take yi masa. Ya ba ta wata rigar da ta yi wata biyu tana jiran gobe. Ta taka, ta kai kusurwa, ta juya. Da ta gama sai ta ɗago yadin ta datse zaren da haƙori, ta lumshe ido.

“Shekara huɗu ban ciji zare ba, Baba. Can ko numfashi ba a bari ya taɓa yadin.”

Ya karɓa ya kai bakin ƙofa, ya bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe, yana neman abin da zai ce. Yana cikin nema inuwa ta rufe masa haske. Alhaji Maharazu ne, da rigar ruwan ƙasa a ninke a hammata, wai aljihu ya ɗan saki.

Malam Gide ya miƙa hannu. Alhaji Maharazu ya janye.

“Ba kai ba. Mai ita.” Ya leƙa ciki ya ga Khairiyya a kan keke, bakinsa ya fara dawowa. “To Gide, yanzu mi za mu riƙa ce mata? Injiniya ko tela?”

Malam Gide ya gyara hula. Akwai mutum uku a bencin ƙofar zaure, da mai rake, da wasu mata da ke wucewa, ya ɗaga murya yadda duk za su ji.

“Tela ce, ɗiyar tela. Injiniya ai ɗari huɗu gare su.” Ya nuna masa benci. “Zauna ka bi layi. Akwai tauraro biyu a gabanka.”